NVivo, MAXQDA ko ATLAS.ti: Wacce Za Ta Iya da Hirar da Aka Cakuɗa Hausa da Larabci?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, ina majastir a fannin nazarin zamantakewa. Bincikena a kan al'adun aure ne a gidajen Hausawan Makka da Jidda, abin da ya rage da abin da ya sauya daga kaka zuwa jika. Na yi hira 24 da mata, kowacce ta kai awa ɗaya ko ta ɗan gota, kuma masu maganar suna cakuɗa Hausa da Larabcin Hijaz. Da Larabci zan rubuta risalar, wato kundin digirin. Mushrifata, wato malamar da ke duba aikina, ta ce in sayi manhajar NVivo don nazarin hirarrakin, wata ƙawata ta ce MAXQDA ta fi, wasu kuma na yabon ATLAS.ti. Kwamfutata Mac ce, kuɗin kuma daga aljihuna zai fita. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah Ya sa albarka a karatun, Ya kai ki munaƙasha, ranar kare risala, lafiya.

Da ni ne a matsayinki, MAXQDA zan fara gwadawa, sai ATLAS.ti, NVivo ta zo ta uku. Amma kada ki fitar da ko riyal ɗaya saboda na faɗa, ko saboda ƙawarki ta faɗa. Hirarki ce za ta yanke hukunci, kuma zan nuna miki yadda za ki tambaye ta.

Duk ukun aikinsu ɗaya ne a asali. Za ki shigar da rubutun hira, ki karanta, ki shata wani yanki na magana, ki liƙa masa alama, abin da malamanku ke kira tarmiz. Gobe idan kika taɓa alamar "lefe", duk inda wata ta yi zancen lefe a hirarrakin nan 24 zai taru a gabanki wuri guda. Akwai kuma wurin rubuta tunaninki a gefen magana, kamar hashiyar da ɗalibai ke cika gefen littafi da ita a gaban malam. Sai jadawalin da ke haɗa alama da bayanin mai magana, kaka ce ko jika, a Makka take ko a Jidda. Iyakar abin ke nan. Karantawa da fahimta da fitar da jigo duk a wuyanki suke, ko da wacce kika saya.

Sun kuma daɗe suna kwaikwayon juna har sun yi kama. Kakar NVivo wata manhaja ce mai suna NUD*IST da Tom da Lyn Richards suka fara a Jami'ar La Trobe ta Ostareliya a 1981, sunan NVivo ya fito a 1999. ATLAS.ti ta samo asali daga wani aikin bincike a jami'ar fasaha ta Balin a 1989, ta shiga kasuwa a 1993. MAXQDA ma a Jamus aka haife ta a 1989, a hannun Udo Kuckartz. Tun 2024 ma kamfani ɗaya, Lumivero, ke da NVivo da ATLAS.ti. Abin da ya shafe ki a wannan tarihin shi ne dukkansu an gina su ne don harsunan da ake rubutawa daga hagu zuwa dama, daga baya aka yi wa Larabci gurbi, kuma gurbin bai zo daidai a kowacce ba. MAXQDA da ATLAS.ti suna karɓar rubutun dama zuwa hagu ba tare da jan rai sosai ba. NVivo kuwa, masu ita da kansu sun daɗe suna gargaɗin cewa mai yiwuwa ba za ta yi aiki yadda ake so da harsuna irin Larabci ba, suna ba da shawarar a gwada kafin a saya. Shi ya sa na ajiye ta a baya, duk da cewa ita ce ta fi suna a sassan jami'o'in nan.

Ga gwajin. Kowacce tana ba da damar gwaji kyauta, NVivo da MAXQDA mako biyu, ATLAS.ti kwanaki kaɗan. Kada ki buɗe gwajin sai kin gama rubuta aƙalla hira biyu, domin a NVivo da MAXQDA kwanakin na tafiya ko kin taɓa manhajar ko ba ki taɓa ba. Ki zaɓi hirar da ta fi kowacce rikicewa, ta tsohuwar nan da ke fara jimla da Hausa, ta ratsa da Larabci, ta kawo aya, ta dawo ta rufe da karin magana. Ki shigar da ita, ki duba ko ƙ da ɗ da ɓ sun fito ko sun koma akwatuna. Ki shata magana daga tsakiyar layin Hausa zuwa tsakiyar layin Larabci, ki ga ko shatar ta tsaya inda kika ajiye ta ko ta yi tsalle. Ki ba wa wata alama suna da Larabci, wata da Hausa. Ki nemi kalmar Larabci guda da kika tabbata tana ciki sau biyar, ki ƙirga abin da aka kawo miki. Na ƙarshe shi ne wanda ɗalibai suka fi mantawa: ki fitar da maganganun da kika yi wa alama zuwa Word, ki buɗe, ki ga ko Larabcin ya fito a miƙe, aya da waƙafi na inda ya kamata. Can za ki riƙa ɗebo misalan da za su shiga risala, don haka manhajar da ta yi kyau a allo amma ta hargitsa rubutu wajen fita ba ta yi miki rana ba. Yini guda ya isa ki yi wa kowacce wannan jarrabawar.

Yanzu bari in daɗe a wurin da na fi jin tsoro, wato rubutun hirar kansa, domin a nan aikin irin naki ya fi lalacewa, tun kafin a kai ga wata manhaja.

Ki tsayar da ƙa'idar rubutu guda tun yau, ki rubuta ta a takarda, ki ba duk wanda zai taya ki. Idan a hira ta uku an rubuta "ƙunshi", a ta bakwai an rubuta "kunshi", a ta goma "k'unshi", to a wurin kwamfuta kalmomi uku ne, ba su san juna ba. Ki sa allon rubutun Hausa na zamani a kwamfutarki, Keyman na da shi kyauta, Gboard ma na da shi a waya. Idan mai taya ki ya yi karatu a gida Najeriya, ki tambaye shi da wane fon yake bugawa. Tsofaffin fon na Hausa irin su Rabi'at, da aka daɗe ana buga kundaye da su, suna aron gurbin wasu alamomi ne su zana haruffa masu ƙugiya a kai. A kwamfutarsa rubutun zai fito tsaf, yana shiga manhajar nazari sai ki ga baka-baka da wasu zane-zane a inda ƙ da ɗ suke. Haka ɗan waƙafin saman nan na 'ya'ya da sana'a da jama'a: Word kan lanƙwasa shi da kansa, wani wurin kuma ya bar shi a miƙe, ido ba ya bambancewa amma akwatin nema yana bambancewa. Ki kashe wannan gyaran na kai-tsaye kafin ki fara. A ɓangaren Larabci ma akwai irin wannan: alif mai hamza da marar hamza, ta' marbuɗa da ha', ya' da alif maƙsura. Ki zaɓi hanya ɗaya. Sannan ki yanke yadda za ki rubuta ƙaf ɗin da mutanen Hijaz ke furtawa kamar g, ki tsaya a kai har ƙarshe.

Game da haɗa haruffa biyu a layi ɗaya, ga abin da na ga ya fi sauƙi. Idan jimlar Hausa ce da kalmar Larabci ɗaya ko biyu a ciki, kamar wadda ta ce "ran milka ba mu yi kamu ba", ki rubuta duka da boko. Idan mai magana ta juya gaba ɗaya ta yi dogon zance da Larabci, ki sauka sabon sakin layi ki rubuta da haruffan Larabci. Da haka kowane sakin layi yana da alkibla ɗaya, kuma yawancin tsalle-tsallen da ake kuka da su za su ragu a kowace manhaja.

Kada kuma ki fassara hirarrakin zuwa fusha, wato daidaitaccen Larabci, kafin ki yi musu alama, ko da mushrifa ba ta jin Hausa. Inda mace ta bar Hausa ta koma Larabci, ko ta bar Larabci ta koma Hausa, shi kansa bayani ne a bincikenki. Jikar da ke ba da labarin bikinta da Larabci tun daga farko amma ta koma Hausa da zarar ta zo kan faɗan da kakarta ta yi mata a daren kai amarya, ta gaya miki wani abu da fassara za ta goge. Ki yi nazari a kan abin da aka faɗa yadda aka faɗe shi, ki fassara gutsattsarin da za su shiga risala kawai. Mushrifa kuma ki yi mata taƙaitaccen bayani na kowace hira da Larabci, shafi ɗaya ya isa.

Rubuta hira na cin lokaci fiye da yadda ake zato. Ki ƙaddara awa 5 zuwa 6 ga kowace awa ɗaya ta magana, mai harshe biyu ma ta fi haka, wato kina da aikin awa 120 zuwa 150 ko sama a gabanki. Za a ce miki ki ba na'ura ta rubuta. Whisper, wadda OpenAI ta fitar a 2022, ta lissafa Hausa cikin harsunanta kuma ana iya sarrafa ta a kwamfuta ba tare da intanet ba, sai dai Hausarta ba ta nuna ba, balle muryar tsohuwa a falo, ana hira ana zuba shayi yara na kai-kawo. Larabcin Hijaz ma takan ja shi zuwa fusha. Gyaran abin da ta rubuta kan ci kusan lokacin da za ki ci ki rubuta da hannunki. oTranscribe, mai taya rubuta hira da hannu, kyauta ce, tana rage saurin murya, tana tsayawa da komawa baya da madanni ɗaya, kuma muryar na zama a kwamfutarki.

Akwai kayan ado da ake tallata waɗannan manhajoji da su waɗanda ba za su amfane ki ba, don haka kada su shiga lissafinki: ƙirga kalmomin da suka fi yawa, da hoton nan na tarin kalmomi manya da ƙanana, da yin alama kai-tsaye. An gina su ne a kan harsunan da manhajar ta san nahawunsu, Hausa kuwa ba ta ciki. Bincikenki a kan mata ne. Ki nemi "mata" ki gani. Za a kawo miki mata jam'in mace, da mata ta aure, da kowane "na ce mata" da "aka kai mata" da ke cikin hirarrakin, domin boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Larabci kuma yana manne wa kalma harafin wa da bi da al a gaba, ya jingina mata lamiri a baya. Nema zai taimaka miki ki koma wurin da kika riga kika sani, amma ba zai karanta miki ba.

Inda manhaja ke biyan kuɗinta a aiki irin naki shi ne nan. A ce kin fara da alama ɗaya, "daren lalle". Kina cikin hira ta tara sai kika lura wasu na cewa sa lalle, wasu na cewa gumra kamar yadda mutanen Hijaz ke kiran nasu daren. Abu ɗaya ne mai suna biyu, ko kuwa dare biyu ne, ɗaya na dangi a cikin gida, ɗaya na ƙawaye da maƙwabta? Haka lefe da shabka da dabash, kayan auren mutanen Hijaz: wanne ya maye wanne, wanne aka haɗa da wanne, wa ke biya? A takarda, raba alama ɗaya zuwa biyu bayan kin yi nisa na nufin komawa farko. A manhaja kuwa za ki buɗe duk abin da ke ƙarƙashinta, ki rarraba cikin awa guda, ki rubuta dalilinki a gefe da kwanan wata. Daga nan ki sa wa kowace hira bayananta: kaka, uwa ko jika, a nan aka haife ta ko zuwa ta yi, danginta ta ƙasa suka biyo ta Sudan suka haye teku, ko a jirgin sama suka sauka Jidda. Sai ki fitar da jadawali ki ga su wa ke cewa gumra, su wa ke cewa sa lalle. MAXQDA ta iya irin wannan jadawalin cikin sauƙi, kuma wannan ne dalilina na biyu na sa ta gaba. ATLAS.ti ta fi daɗi ga mai son zana alaƙa tsakanin magana da magana, wannan ta saɓa wa waccan, wannan ta bayyana waccan. NVivo ma gwana ce a jadawali, ba a nan matsalarta take ba. Abu ɗaya dai: mata 24 da kika zaɓa ba su wakilci Hausawan Hijaz ba, don haka lambobin jadawalin na nuna miki inda za ki koma ki sake karantawa ne, kada su shiga risala a matsayin kashi kaza cikin ɗari.

Maganar Mac gajera ce. MAXQDA iri ɗaya ce a Mac da Windows, fayil ɗin aiki ɗaya ne. ATLAS.ti ma aikinta na wucewa tsakanin biyun. NVivo ta Mac da ta Windows kowacce da irin fayil ɗinta, sai an juya, kuma ta Mac ta daɗe tana bin ta Windows a baya wajen yawan abubuwan da take yi. Idan mushrifa na da Windows kuma tana so ta riƙa buɗe aikinki, wannan abin dubawa ne.

Ita mushrifar kuma, kada ki je mata da "an ce". Ki tambaye ta da ladabi me ya sa ta ce NVivo. Sau da yawa amsar ita ce ita aka sani a sashen, ko ita aka yi musu daura, wato horo, a kai. Idan kuwa jami'a na da lasisin da ake ba ɗalibai, to lissafi ya sauya, domin abin da aka ba ki kyauta kuma akwai mai nuna miki a kusa ya cancanci ki yi masa haƙuri, in dai ya ci gwajin nan. Ki leƙa imadar, wato ofishin, karatun gaba da digiri da ɗakin karatu ki tambaya kafin ki biya. Idan bai ci ba, ki buga mata shafi biyu, ga yadda hirar ta fito a wannan, ga yadda ta fito a waccan. Ba na jin akwai malamar da za ta ga rubutu a hargitse ta ce sai shi.

Idan sayen ya zama dole, ki nemi farashin ɗalibai, yana ƙasa sosai da na kowa, za su nemi shaidar rajista. Sai dai lasisin ɗalibi haya ce mai wa'adi, wata 6, shekara 1 ko 2, gwargwadon kamfani. Ki lissafa daga ranar da za ki fara yin alama har zuwa bayan munaƙasha da gyare-gyaren da kwamiti zai ba ki, ki ƙara wata uku a kai, domin ban san risalar da ta ƙare a ranar da mai ita ya yanka mata ba. Kada ki saya tun kina rubuta hira, wa'adin zai ƙone a banza.

Idan kuɗin ya gagara, ba a tsaya ba. QualCoder kyauta ce, a kwamfutarki take zaune, tana karɓar rubutu da hoto da murya da bidiyo. Fuskarta ba ta da ƙawa kuma girka ta a Mac na iya buƙatar wanda ya san kan na'ura. Taguette ma kyauta ce, ta fi kowacce sauƙin koyo, amma shata rubutu da liƙa alama kaɗai ta iya, ba za ta ba ki jadawalin kaka da jika ba. QDA Miner Lite ta Windows ce. Su ma ki yi musu gwajin nan. Wanda ke da hira takwas ko goma, Word da Excel sun ishe shi, kuma babu abin kunya a ciki. Naki 24 masu tsawon awa guda sun wuce nan.

Kowacce kika ɗauka, ki san ƙofar fita. Tun 2019 akwai tsarin musayar aiki da ake kira REFI-QDA, fayil ɗinsa na ƙarewa da qdpx, kuma manyan ukun nan da QualCoder duk suna karanta shi. Ba komai ke hayewa lafiya ba, zane-zane da wasu jadawalai kan zube a hanya, amma rubutu da alamomi da bayanan gefe na isa. Kafin lasisinki ya ƙare ki fitar da aikin a wannan tsarin, ki kuma fitar da jerin alamominki da maganganun da ke ƙarƙashinsu a Word ko Excel. Ki riƙa ajiye kwafi duk mako a wuri biyu, da kwanan wata a sunan fayil.

Saura amana, kuma ta fi duk abin da na faɗa nauyi. Matan nan sun buɗe miki cikinsu ne don ke tasu ce. A zancen aure za a ambaci sunayen dangi, da saki, da rigimar surukai, wata ma ta taɓo maganar iƙama, wato izinin zama, da takardun wani nata ba tare da ta yi niyya ba. Al'ummar kuma a dunƙule take, sunan unguwa da sana'ar miji sun isa a gane gida. Ki cire sunaye da duk abin da ke nuna mutum tun a Word, kafin rubutun ya shiga manhaja. Takardar da ke haɗa sunan gaskiya da na aro ki ajiye ta daban. Kada ki tura muryoyin ta WhatsApp ga mai taya ki rubutu sannan a bar su a waya. Dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya, da aka fitar a 2021 ta fara aiki a Satumban 2023 ƙarƙashin kulawar hukumar SDAIA, ta sa asalin ƙabila cikin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman, ta kuma gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane waje da ƙasar. Wannan ya shafi zaɓinki kai-tsaye. Dedoose, wata manhajar irin waɗannan, a intanet take aiki, bayananki na zaune a rumbun kamfani, haka ATLAS.ti ta burauza. Mataimakan nan na ƙirƙirarriyar basira da manyan ukun suka ƙara a 'yan shekarun nan, masu taƙaita hira da ba da shawarar alama, su ma aika rubutun suke yi waje a sarrafa a dawo da shi. Ki ɗauki wadda ake girkawa a kwamfuta, ki bar waɗancan madannan a kashe, sai in takardar yardar da matan suka amince da ita da izinin kwamitin ɗa'ar bincike sun ambaci hakan ƙarara.

A babin hanyar bincike kada ki rubuta cewa MAXQDA ce ta yi nazarin bayanan, mai munaƙasha da ya san aikin zai kama ki a nan. Ki faɗi hanyar da kika bi, sannan ki ce kin yi amfani da manhaja kaza, fitowa ta kaza, wajen tsarawa. Idan nazarin jigo za ki yi a kan matakai shida da Virginia Braun da Victoria Clarke suka shimfiɗa a 2006, ki sani su ba sa ganin auna daidaito tsakanin masu yin alama biyu a matsayin sharaɗi a tsarinsu. Amma sassa da yawa a nan sun saba da ƙididdiga, kuma za a iya tambayarki ina sabat ɗin nazarinki, wato shaidar cewa wani ma zai yi alama kamar yadda kika yi. Ki tattauna wannan da mushrifa tun yanzu. Idan ta ce lallai sai an auna, NVivo da MAXQDA na lissafa ma'aunin daidaito da ake kira kappa, ATLAS.ti na lissafa wani mai suna alfa ta Krippendorff, Taguette ba ta yi. Sai ki nemo mutum na biyu mai jin Hausa da Larabcin Hijaz duka, ki ba shi hira uku ko huɗu da aka riga aka cire wa sunaye, tare da jerin alamominki da ma'anar kowacce, ya yi nasa ba tare da ya ga naki ba.